Kwano Biyu Daga Rufin Baba

Tabarau nake sayarwa a titin Koudoukou, tun ina saurayi har yanzu da furfura ta fara leƙowa a gemuna. Teburina yana tsakanin masu canji da wani mai gyaran waya, kuma duk wanda ya san ni a unguwarmu ta Sank-kilo ya san bakina ba ya mutuwa. Ko hanya mutum ya tsaya tambaya, da wuya ya wuce bai gwada guda ɗaya ya kalli kansa a ɗan madubina ba. Ina faɗin wannan tun farko ne don a san cewa abin da ya sami mahaifiyata, da bakina na jawo mata rabinsa.

A shekarar da Baba ya rasu wasu tabarau suka shigo kasuwa, gilashinsu ruwan zuma. Wani ɗan Maraɗi da ke kawo mana kaya ya ce suna tare shuɗin hasken waya, wanda aka ce shi ke hana mutane barci. Iyakar abin da ya gaya mini ke nan. Sauran ni na ƙara da kaina. Kafin mako ya zagayo, a bakina tabaran nan sun fara maganin ciwon kai, da jiri, da gajiyar ido, da ɓacin rai. Kuma wallahi ba yaudara nake ba. Na yi ta faɗa har na gaskata kaina.

Gidanmu yana bayan titin, a wani lungu da ko moto, wato babur, ke shiga da ƙyar. Da can yana da tsakar gida buɗe. A shekarun da gari ba lafiya, lokacin da ba mai iya barin kaya su kwana a shago, Baba ya sa katako ya rufe tsakar gidan gaba ɗaya da kwano, daga bango zuwa bango, ya kwaso sukari da sabulu da tumatirin gwangwani ya jibge a ciki. Gari ya lafa, rufin bai tashi ba. Yayana ya gaji sarin, ya gaji depon, wato ma'ajiyar kayan, kaya suka ƙara yawa. Ƙwai ɗaya na lantarki ke rataye a tsakiya, in da wuta ya kama, in babu a lallaba da tocila da rana tsaka.

Ba wanda ya taɓa lura gidan duhu ne, saboda ba mai wuni a cikinsa. Inna ma ba ta zama. Da ta idar da sallar asuba ta sha kunu, sai ta yafa mayafi ta fita: kasuwa, makarantar matan aure, unguwar Kokoro wajen dangi, dubiya, barka, ta'aziyya. Ƙafarta ta fi ta mai talla yawo, haka Baba ke tsokanarta. Sai ga shi ya rasu, ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta taso daga Kokoro da ƙullin kayanta ta tare a gidan don ta taya ta zama, ta kuma tabbatar an yi komai yadda aka gada. A wajen Gwaggo, mai takaba ko zaure ba ta leƙawa.

Makonnin farko gidan cike yake da masu gaisuwa, ba mu ga komai ba. Da ƙafa ta ɗauke, Gwaggo ta fara ce mini in na shigo gaida su da safe: "Uwarka fa ba ta runtsa ba. Waya ce a hannunta har aka kira assalatu." Saƙonnin ta'aziyya take saurare, na Maraɗi da na Kano da na Garwa, ta ji ta sake ji, in sun ƙare ta koma kallon wa'azi.

Ni kuwa me zan ce, ga magani a kan teburina. Na zaɓi mafi duhun gilashi, na goge shi da gefen rigata, na kai mata.

Gwaggo ta tare ni a bakin ƙofa. "Mai takaba ba ta ado."

"Ba ado ba ne, Gwaggo, magani ne."

"Maganin da ake ratayawa a hanci?"

Na buɗe mata bakin kasuwa, na zuba har ta gaji ta matsa. Inna ta karɓa ta saka, ta dubi bango, ta dube ni. Ta ce, "Auta, yaushe ake sawa, yaushe ake cirewa?" Na ce, "Ki bar shi kawai, Inna. Iya daɗewarsa a idonki, iya amfaninsa." Wannan maganar har yau in na tuna ta sai na ji kunya ta rufe ni.

Ta kuwa bar shi. Alwala da sujada kaɗai ke raba ta da shi. Ɗaki mai duhu, cikin gida mai duhu, ga gilashi ruwan zuma a kan ido tun asuba.

Bayan arba'in abin ya fito fili. Barci ba ya zuwa mata sai gari ya waye, ta yi barci sau biyu a cikin yini, ta tashi ba ta san inda take ba. Abinci sai an yi da gaske. Matar da ke iya gaya maka ranar sunan kowane jika ta fara tambayar yau wace rana. Wata Talata na dawo gida da hantsi ɗaukar wani kwali, na same ta a kan darduma tana sallama. Na tambaya ko walaha ta yi. Ta ce, "Magariba mana. Kai ba ka yi ba?"

A waje rana ce take dukan kwano har yana ƙara. Gwaggo ta ja ni gefe ta ce ba yau aka fara ba, jiya ma azahar sau biyu ta yi ta. Ta ce, "Ɗan'uwana ne ke kiranta. Haka suke yi in sun shaƙu. Sai dai addu'a." Na ce a raina, Baba ya yi haƙuri, ba yanzu ba. Na rasa uba a shekarar nan, ba zan zauna ina kallo uwata ta narke a hannuna ba.

Ban san inda zan kama ba, sai Allah ya kawo mini wata likita. 'Yar ƙasar ce, babbar mace, tana aiki a wani ƙaramin asibiti can wajen gari, takan tsaya in ɗaure mata ƙusar tabaranta in ta saki. Ranar ta tarar ina cika wani direban tasi da surutu, ina ce masa ya sa ruwan zuman nan daga safe har dare. Ta bari ya tafi, sannan ta ce mini da Sango, yaren ƙasar, "Mai lunet," wato mai tabarau, "wa ya koya maka wannan?"

Na ce ai kowa ya sani.

"Kowa bai sani ba, kai ma ba ka sani ba." Ta ɗauki guda ta ɗaga shi sama. Ta ce jikin mutum yana da agogonsa, kuma hasken rana da ke shiga ido, musamman na safe, shi ke saita shi, ya gaya wa jiki yanzu rana ce, anjima dare. Ta ce shuɗin hasken da nake zagi, rana ce ta fi kowa shi, kuma da rana jiki nemansa yake. Gilashin nan in ma zai yi amfani, da yamma ne kafin kwanciya, shi ma ba ga kowa ba, ajiye wayar ya fi shi. "Wanda ya sa shi tun safe kuwa, ya mai da yininsa almuru."

Na zauna a kan benci na gaya mata komai. Ba ta yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta ce in kawo ta. Na ce ba ta fita, na yi mata bayanin takaba. Sai ta ce in jira ta in ta tashi aiki.

Da la'asar ta zo a kan moto. Ta gaida Inna da ladabi, ta ce mata Mama, ta ɗaura mata abin awo a hannu ta duba tansiyo, wato hawan jini, ta leƙa idonta, ta yi mata tambayoyi ina fassara abin da ya shige wa Inna duhu. Da muka fito tsakar gida ta ɗaga kai ta dubi kwanon, ta juya ta ko'ina.

"Ta ina rana ke shigowa gidan nan?"

Shekara nawa ina shiga ina fita, ban taɓa tambayar kaina ba. Na ce, "Ba ta shigowa."

Ta ce baƙin ciki yana nan, ba ta da allurarsa, kuma ba za ta ce mini duhu ne kaɗai ba. Amma a fara da abin da ake iyawa: a cire gilashin sai bayan magariba, ta zauna cikin haske kowace safiya, ba ta kalli ƙwayar rana ba, ta dai zauna inda sama ke buɗe. In an yi mako biyu ba sauyi, in kawo ta asibiti ko da takabar.

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na ce a sa mata kujera a ƙofar gida da sassafe. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce sai dai bayan ranta, matar yayanta ba za ta zauna a lungu 'yan moto suna wucewa suna kallonta ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallacin Koudoukou na tare wani dattijon malami da Baba ke girmamawa, na tambaye shi. Ya ce ba abin da ya hana mai takaba shan hantsi, kai ko asibiti ta je in da lalura. Na kawo wa Gwaggo wannan da zafinsa. Ta ce, "Malam ya yi takaba ne?" Inna kanta ta ce ba inda za ta. Ko gilashin ta ƙi ba ni, ta riƙe shi da hannu biyu.

To, in ba za ta je wajen rana ba, rana za ta zo wajenta. Na sami Yaya a shago na ce zan cire kwano biyu, waɗanda ke jikin bangon yamma, daidai ƙofar ɗakin Inna.

Ya dube ni kamar na zare. "A cikin daminar nan? A kan sukari?"

"Zan matsar da sukarin."

"Kai da ka makantar da ita da gilashinka, yanzu kuma gidan za ka rushe? Rufin nan Baba ya buga shi da hannunsa."

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce, "Na ji, Yaya. Ni na ɓata, ni zan gyara. Izini na zo nema, amma ko ba ka ba ni ba zan hau." Ban taɓa yi masa magana haka ba tun da aka haife ni. Ya juya ya ci gaba da sallamar mai sayen sabulu.

Safiya uku na yi ina kwashe buhuna ni kaɗai, ina jera su a ɗaya gefen a kan katako. Ni da aikina ɗaukar abin da bai kai nauyin cokali ba, bayana ya gaya mini. Gwaggo na zaune tana jan carbi tana cewa, "Allah ya shirya." A rana ta huɗu na aro tsani da guduma na hau. Ƙusoshin sun yi tsatsa, kowace sai ta yi kuka kafin ta fito. Da na ɗaga kwano na farko na leƙa ƙasa, na ga ƙura tana tashi a cikin hasken, na ga bangon da na manta farin ƙasa aka shafa masa. Na ɗaga na biyu, na sauko hannuna duk jini-jini, na share wajen na wanke shi tas.

Da azahar hadari ya haɗo daga wajen kogi. Abin da ban yi tunani ba shi ne rariya: tun da aka yi rufin aka toshe ta da siminti. Ruwa ya sauko ta ramin nan kamar da bokiti, ya rasa hanyar fita, ya nufi kaya. Na fasa rariyar da guduma ina tsaye cikin ruwa har idon sawu, amma kafin ta buɗe kwalayen sabulu na ƙasa sun jiƙe. Yaya ya shigo ya tsaya ya duba, ya dubi ramin, ya dube ni. Ya juya ya fita. Wata guda bai amsa gaisuwata ba.

Duk wannan da sauƙi da Inna ta fito. Ba ta fito ba. Washegari rana ta sauko a kan bangon yamma, ta gangaro har dokin ƙofarta, ita kuwa ta sa Gwaggo ta saki labule. Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta. Daga ciki ta ce, "Ko takabarsa ban gama ba ka ɓalle masa rufi." Na ce ta yafe mini. Labulen bai motsa ba.

Na shimfiɗa tabarma a cikin hasken nan, na sa kujerarta a gefe, na zauna na karya kumallo a wurin. Makala, ɗan fanken nan na gari, da shayi. Gobe ma haka, jibi ma haka. Teburina ba ya buɗewa sai rana ta take, abokan sana'a suna tsokanata wai na yi sabon aure. Ina zaune ina ba labulen labarin kasuwa da ƙarfi, wanda ya dawo daga Duwala, wadda ta haihu, yadda 'yan moto biyu suka yi karo a gaban masu canji ba wanda ya ji ciwo sai kwandon mangwaro. Wani lokaci in ji motsinta. Wani lokaci in ji numfashin barci, in ji zuciyata ta karye, in ci gaba da magana duk da haka. Ina ƙirga mako biyun likita a raina, na kuma ƙudura in sun cika zan goya ta in kai ta, Gwaggo ta tsine mini in ta ga dama.

A rana ta shida ban fita kasuwa ba sam. Rana ta yi sama, hasken ya bar bango ya kwanta a ƙasa. Ina kankare wani tabon siminti da bakin wuƙa don hannuna ya sami abin yi, sai na ga wani abu a dandamalin, kamar taku ɗaya daga bango: ɓallin farantin tangaran, bai fi tafin jariri ba, an dasa shi cikin simintin da gangan. Na zuba ruwa na goge. Shuɗi ne shar, da ɗan zanen fure.

Na ce, "Gwaggo, wa ya binne faranti a nan?"

Gwaggo ta ce ita ina ta sani. Sai labule ya motsa.

Inna ta fito tana dafa bango. Na tsorata da ganin yadda ta rame, don a duhu ban taɓa gani sosai ba. Ta tsaya a kaina da gilashinta, ta sunkuya.

"Ya yi baƙi," ta ce.

"Bai yi ba, Inna. Shuɗi ne."

"Ina ganinsa baƙi ƙirin."

A karo na farko a rayuwata na kama bakina. Ta daɗe a sunkuye, sannan ta kai hannu ta zare gilashin. Ta runtse ido, hawaye suka zubo saboda haske, ta buɗe a hankali. A nan na ga abin da take ɓoyewa: idanun sun kumbura sun yi ja, fatar ƙasansu ta saɓule don kuka. Ashe ba don maganina take riƙe da shi ba. Ba ta so masu gaisuwa su gani, ba ta so mu gani.

Ta zauna a kujerar da ta yi kwana shida tana jiranta. Ta ce farantin na cikin kayan aurenta ne, ya fashe a shekarar farko. Lokacin ba lasifika a masallacin lungu, tana amarya ba ta fita, kullum tana tambayar Baba ko azahar ta yi. Ranar da ake dandamale tsakar gida sai ya tsaya da agogonsa a hannu, ya jira lokaci, ya dasa ɓallin daidai inda inuwar bango ta kawo. Ya ce mata daga yau ba sai ta tambayi kowa ba.

"Da zai rufe gidan nan na yi kuka," ta ce. "Ya ce na ɗan lokaci ne, da gari ya lafa zai cire. Kowace shekara in tuna masa, ya ce bayan salla." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ba rufin ne ya ba ni haushi ba, Auta. Na so a ce shi ya cire."

Gwaggo ta tashi ta shige ɗaki, na ji tana fyace hanci.

Ba zan ce daga ranar komai ya daidaita ba. Barcin ya ɗauki makonni kafin ya koma dare, mun kuma je asibitin daga baya, da mayafinta har ƙasa, Gwaggo na gefenta tana harara ta. Kukan ma bai ƙare ba, sai dai yanzu a fili take yinsa, da safe, da kofin kunu a hannu. Yaya ya sa an ja buhunansa baya, ya kafa tanti a gefensu, bai taɓa cewa na yi daidai ba, bai kuma mayar da kwanon ba. Ni kuma ruwan zuma yana nan a teburina, amma duk wanda ya saya sai na gaya masa bayan magariba ake sawa, kuma ba ya maganin komai da na sani. Rabinsu ajiyewa suke su tafi.

Amma ranar nan ta shida, muna zaune ni da ita, gilashin yana kan cinyarta. Wata siririyar inuwa ta fito daga gindin bango, ta fara rarrafowa a kan siminti. Na zaro waya zan duba lokaci, ta ɗaga mini hannu. Idonta na ƙasa. Inuwar ta matso, ta matso, ta taɓa bakin tangaran.

Ta miƙo mini gilashin ba tare da ta dube ni ba. "Riƙe wannan sai dare. Tashi ka yi alwala, azahar ta yi."

Ina zuba ruwa a buta ladanin Koudoukou ya ɗaga murya.